Yaya Chizuru da Tsanin Dutsen Yari

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas zuwa Kamikochi, ina kwasar masu hawan dutse ina juye su a gindin duwatsu. Da safe su shigo da manyan jakunkuna suna ƙamshin sabulu, bayan kwana uku in kwaso su fuska ta ƙone, suna warin safa, suna barci baki buɗe. Ni kuwa ban taɓa wuce gadar katakon da ke kusa da tasha ba. In sauke fasinja, in sha shayi, in juya mota. Ko rufin gidana ba na hawa. Idan ƙanƙara ta taru a kai lokacin sanyi, mijin 'yata nake kira ya zo da shebur.

Shigenobu ne sunana, amma Shige kowa ke ce mini. Yayata Chizuru ta ba ni shekara huɗu. Tana da shagon taliyar soba a wani lungu a Matsumoto, tebur biyar da doguwar kanta. A bangon shagon akwai hotonta tana 'yar shekara ashirin da biyu, zaune a kan wani dutse, da jan ƙyalle a wuya, babu komai a bayanta sai farin gajimare. A ƙasan hoton ta rubuta da hannunta: Ƙolin Yari. Duk baƙon da ya yi kuskuren ɗaga kai ya kalli hoton, to taliyarsa sai ta huce kafin ta gama ba shi labarin sarƙoƙi da tsanin ƙarfe da iskar da ta kusa ɗauke ta.

Da na yi ritaya a farkon bazara, sai na mai da shagon wurin zama. Kullum ina nan a ƙarshen kanta da jarida. Wata rana tana yanka albasa, wasu samari biyu na cin abinci, ta nuna ni da wuƙa.

"Kun ga wannan? Rabin mutanen ƙasar nan shi ya kai su gindin Yari. Ku tambaye shi ko ya san kalar dutsen."

Samarin suka yi dariya, suna rufe baki.

"Yaya, ki bar ni in karanta jaridata."

"Karanta mana. Ni dai watan Agusta zan rufe shago kwana huɗu in koma in gai da tsohon abokina. Da kana da zuciya da na ce ka biyo ni. Amma ina! Mutumin da ko kujera ya taka sai ya ce jiri."

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Wataƙila dariyar samarin ce. Na ninke jarida na ce, "Zan je."

Wuƙar ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "Me ka ce?"

"Na ce zan je. Ki sa rana."

Ta ci gaba da yankan albasa. A lokacin na ɗauka mamaki ne ya kama ta.

Ranar farko tafiya ce kawai a gefen kogin Azusa, hanya shimfiɗe a cikin inuwar itatuwa, ruwa garai-garai har kana ƙirga tsakuwar ƙasa. Mutane kamar ranar kasuwa: tsofaffi da sanduna bibbiyu, ɗaliban jami'a da tanti a baya, masu saukowa suna ɗingishi. Kowa ka gamu da shi sai an yi sannu, har bakina ya bushe. Birai na zaune a tsakiyar hanya suna tsintar juna, ko kallonmu ba su yi. Yaya na gaba, tana ba ni darasi ba tare da ta waiwayo ba.

"Gajeren taku, Shige. Kada ka sha ruwa da yawa. Ɗaure takalminka, ka ga igiyar na ja. Haka za ka hau Yari, kamar mai zuwa sayen madara?"

Da la'asar muka isa masaukin farko a cikin kwarin. Ƙarfe biyar aka zuba abinci, shinkafa da miyar miso da soyayyen kifi, kowa a dogon benci kafaɗa da kafaɗa. Kusa da mu aka zaunar da wani mutum mai ƙiba da fara'a, ya ce sunansa Hamaguchi, likitan haƙori ne daga Osaka. Ya rataya ƙararrawar korar dabbobin dawa a ɗamararsa, ko cokali ya ɗaga sai ta yi ƙara. Ya ce wannan ne zuwansa na farko, kuma kwana uku ke nan cikinsa na murɗawa saboda tunanin tsanin ƙarshe.

"Tsanin ba komai ba ne," in ji Yaya. "Ni ina 'yar ashirin da biyu na hau shi, cikin iska, da takalmin aro."

Hamaguchi ya ajiye tsinken cin abinci ya sunkuyar da kai har ya kusa taɓa miya. "Chizuru-san, ai kin zama uwata daga yau. Gobe inda kika sa ƙafa nan zan sa tawa."

"Ba damuwa," in ji ta, amma na lura ba ta ƙarasa shinkafarta ba, ita da ba ta barin ko ƙwaya.

Gari na fara haske muka kama hanya. Tun daga nan wasa ya ƙare. Hanya ta miƙe sama, itatuwa suka yi ta gajarta har suka koma ciyayi, daga nan sai duwatsu zalla. A tsakiyar Agusta, ga ƙanƙara kwance a cikin kwari, ta yi datti a sama, ruwa na gudu a ƙarƙashinta. Ƙananan furanni rawaya sun fito ta tsagar duwatsu. Numfashina ya koma kamar na tsohuwar mota a kan tudu. Hamaguchi na bayanmu da ƙararrawarsa, yana ba mu labarin haƙoran mutanen Osaka wanda ba mu tambaye shi ba.

Muna zagaye wata kwana sai ga Yari. Shekara talatin ina ganinsa a jikin kalanda da kwalin biskit, amma ban taɓa zaton haka yake ba: baƙin tsini tsaye a kan sararin sama shuɗi, kamar an feƙe shi da wuƙa. Da na ƙura ido sai na ga wasu ɗigo-ɗigo ja da rawaya suna motsi a jikinsa.

"Waɗancan mutane ne?" na tambaya.

"Mutane ne," in ji Yaya. Daga nan ba ta ƙara ba ni darasi ba.

An rubuta lambobi da farin fenti a jikin duwatsu, suna nuna saura mita nawa a kai masaukin sama. Dubu ɗaya da ɗari biyu. Ka yi tafiya har ka ji ranka zai fita, ka ɗaga kai, dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Na zagi wanda ya rubuta su a zuciyata tun daga ɗari tara har ɗari biyu. Da tsakar rana muka faɗa kan bencin ƙofar masaukin, wanda aka gina a kafaɗar dutsen, tsinin na tsaye a kanmu. Layin mutane ya miƙe a jikinsa tun daga ƙasa har sama, kowa da hular kwano.

Wata ma'aikaciyar masaukin, fuskarta baƙa ƙirin saboda rana, ta ba mu huluna ta ce, "In za ku hau, ku hau yanzu. Bayan ƙarfe biyu gajimare zai taso, wataƙila da tsawa. Ku bar jakunkuna a nan. Hannu biyu da ƙafa biyu, uku su riƙe, ɗaya ya motsa. Ku bi kibiya, inda aka zana kuros kada ku taka."

Hamaguchi ya tafi bayan gida karo na uku. Yaya ta ja hannun rigata zuwa bayan ginin, inda aka jera gangunan ruwa.

"Shige, ka ga wancan dutsen mai faɗi kusa da wurin shanya?"

"Na gani."

"A kansa aka ɗauki hoton."

Na dubi dutsen, na dube ta. "Wane hoto?"

"Hoto nawa nake da shi a bango, sakarai? Na hau har tsanin farko, na kalli ƙasa, ƙafata ta ƙi. Na sauko ina kuka. Gajimare ya rufe ko'ina, ƙawata ta ce zauna nan in ɗauke ki, wa zai sani."

"Shekara arba'in da huɗu, Yaya!"

"Rage murya!"

"To me ya sa kika ce mu zo?"

"Yo na san za ka yarda ne? Tun kana yaro duk abin da na ce ka yi sai ka ce a'a. Rana ɗaya da nake buƙatar a'arka, ka buɗe baki ka ce zan je."

Dariya ta kama ni har sai da na dafa ganga. Ta mintsine ni a damtse, irin mintsinin da na sani tun ina shekara biyar. Na ce to mu zauna mu sha shayi, mu ce wa likita gwiwarta ta tashi. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon tsinin, sannan ta ja igiyar hularta ta ɗaure tam a haɓa.

"Shekarata sittin da shida. Ba zan sake hawo waɗancan lambobin ba. Wuce gaba, ba na so ka ga ƙafata na rawa."

Haka muka jera: ni, Yaya, Hamaguchi. Farkon wurin rarrafe ne da hannu da ƙafa a kan duwatsun da hannayen mutane suka goge har suna sheƙi. Abin da ya ba ni mamaki, tsoron bai zo yadda na zata ba. Babu lokacinsa. Idonka na kan inda za ka kama, kunnenka na jin na sama yana cewa a jira, na ƙasa yana cewa a yi a hankali. A tsaya minti biyar a manne da dutse kamar ƙadangaru, a matsa taku uku, a sake tsayawa. Wata tsohuwa da ta fi Yaya shekaru tana saukowa ta ɗaya hanyar, ta ce mini, "Sannu da ƙoƙari, saura kaɗan," kamar mun haɗu a layin gidan wanka.

Muka wuce sarƙa ta farko, mai sanyi da kauri. Muka wuce wasu ƙusoshin ƙarfe da aka kafa a dutse don taka ƙafa. A tsanin farko na ji numfashin Yaya a bayana yana fita da sauri, amma ta hau.

"Chizuru-san, haka kika bi wancan karon?" in ji Hamaguchi daga ƙasa.

"Sun sauya wurin," in ji ta a taƙaice.

Sai ga na ƙarshe. Tsani ne na ƙarfe tsaye cak, an ɗaure shi a jikin dutsen, samansa ba ka ganin komai sai sama. Mutum ɗai-ɗai ake hawa. Da layi ya zo kaina na kama ƙarfen, na ce wa kaina ba zan kalli komai ba sai matakin da ke gaban hancina. Wani wurin tsanin ya matse da dutse har kan takalmi kawai ke shiga. Iska na kaɗa rigata. Na ƙirga har na rikice, sai kawai na ji hannuna ya kama wofi, na ja ciki na kwanta a kan ƙolin Yari kamar kifin da aka jefo daga kwando.

Na juya a kan cikina na leƙa. Jar hular Yaya na tahowa, mataki, hutu, mataki. Ta wuce rabi. Sai wata iska ta buso, ta yi abin da aka hana, ta kalli tsakanin ƙafafunta. Nan ta tsaya. Ta rungume tsanin da hannu biyu, ta manna goshi a ƙarfe, ta rufe ido.

"Yaya, taho, saura goma."

Ta ƙara ƙanƙame tsanin.

"Yaya, ɗaga hannun dama kawai."

"Ba zan iya ba, Shige." Muryar ba irin tata ba ce, siririya kamar ta yarinya.

A ƙasa layi ya tsaya, mutum ya fi talatin a manne da dutse. Babu wanda ya yi gunaguni. Wani ya ce, "Inna, ja numfashi, ba ma sauri." Hamaguchi ya ce, "Chizuru-san, ko wani abu kika yar?" Daga yamma kuwa gajimare ya fara hawowa daga cikin kwari. Na yi lallashi, na yi roƙo, na ce ta tuna jikokinta. Ko motsi. Na ga yatsunta sun yi fari.

Sai na tuna ba a taɓa motsa Yaya da lallashi ba.

"Yaya, kin tuna ɗan itacen Baba na cikin kasko? Wanda ya fashe?"

Na ga hular ta ɗan karkata.

"Wanda aka ce ke kika ture shi, aka hana ki zuwa kallon wasan wuta, kina da sabuwar riga mai furen shuɗi, kika wuni kina kuka a ɗaki?"

"Me ya kawo wannan yanzu?"

"Ni na fasa shi. Da ƙwallo."

Ido ɗaya ya buɗe.

"Kuma takalminki na katako da aka tsinta a wurin, ba mantawa kika yi ba. Ni na ɗauko shi daga bakin ƙofa na ajiye."

Ta ɗago kai gaba ɗaya. "Ka ce me?"

"Kuma ni aka kai kallon. Baba ya saya mini alewar auduga. Biyu."

"Shigenobu!" Rabon da ta kira cikakken sunana tun ranar aurena. "Shekara hamsin da biyar! Na rantse wa Baba, na rantse wa Inna, kana tsaye a bayan ƙofa kana tsotsar yatsa! Tsaya nan. Kada ka motsa. Ɗan banza, maƙaryaci, mai kan kabewa!"

Kowane zagi da matakinsa. Hannu, ƙafa, zagi. Ban taɓa ganin an hau tsani da irin wannan sauri ba. Na ja da baya, hular ta ɓullo, kafaɗu suka biyo, ta dafa dutse ta hau, ta rarrafo ta kai wa hulata duka da tafin hannu, ƙwal! Daga ƙasa tafi ya tashi, wasu ma da hannu ɗaya suke bugun dutse saboda ɗayan na riƙe da sarƙa. Mutanen da ke saman suna ta dariya, wata budurwa har da share hawaye.

Yaya ta ɗaga hannu za ta ƙara, sai ta ga inda take. Hannun ya sauka a hankali.

Wurin bai fi falon gida ba, duwatsu a tarwatse, da ɗan ƙaramin ɗakin bauta na katako a ƙarshe. Ko'ina ka juya ƙasa ta yi nisa. Jerin duwatsu sun miƙe kudu kamar haƙoran zarto, kwarin da muka biyo ya zama siririn zare kore, rufin masaukin ja kamar akwatin ashana. Can nesa, bisa gajimare, ga kan dutsen Fuji ya leƙo shuɗi-shuɗi. Yaya ta zauna dirshan, ta kama gefen rigata ta riƙe.

Ƙararrawa ta sanar da isowar Hamaguchi. Ya kwanta rub da ciki yana haki, sannan ya ce, "Chizuru-san, wannan dabarar tsayawa a tsakiyar tsani, don a huta ne? Na gwada, ta yi mini amfani."

Yaya ta dube shi, ta dube ni. "Likita, ban taɓa hawa nan ba. Yau ne farko. Jiya ƙarya na yi maka."

Ya ƙifta ido, sai ya fashe da dariya har ƙararrawar na kaɗawa. "To ai gara da ban sani ba! Da na sani da tun a masaukin ƙasa na juya."

Muka je gaban ɗakin bautar muka tafa hannu muka sunkuya. Yaya ta ciro dunƙulen shinkafa uku daga aljihun rigarta, sun lotse sun zama kamar faifai, ta ba likita ɗaya, ta ci ɗaya, ta riƙe na ukun tana kallona.

"Alewar auduga biyu, ko?"

Ta raba shi biyu, ta cinye babban, ta miƙo mini ƙaramin.

Saukowa ta fi hawa wuya, don dole ka juya baya ga sarari ka laluba da ƙafa. A nan ne nawa tsoron ya iso, duka a lokaci ɗaya. Yaya kuwa kamar an sauya ta. Ita ta fara sauka, tana kiran mini inda zan taka: "Hagu, Shige. Hagunka, ba na maƙwabci ba!" A sarƙa ta ƙarshe na zauna na ja gindi a kan wani dutse mai kaifi, na ji ɓarrr, wandona ya tsage tun daga ɗamara har cinya. Hamaguchi da ke samana ya ce shi likitan baki ne, wannan ɓangaren ba nasa ba ne. Da rigar ruwan Yaya ɗaure a ƙugu na shiga masauki. Ba mu gama cire huluna ba aka fara yayyafi, tsinin ya ɓace cikin gajimare, tsawa na gurnani can nesa. Muka zauna bakin taga da kwanon taliya mai zafi. Yaya ta kurɓi romon ta ce gishiri ya yi yawa, ta shanye tas.

Washegari da safe aka yi garau. Na sunkuya zan ɗauki jakata, sai na ga ta Yaya a ɗaure a kanta da igiya.

"Wannan fa?"

"Hukuncin kasko ne. Har tasha."

"Yaya, tafiyar awa takwas ce!"

"Ni wuni guda na yi ina kuka. Ɗauka."

Na ɗauka. Ta wuce gaba da sandarta, hannu ɗaya a aljihu, likita na biye da ita yana kaɗa ƙararrawa. Masu hawowa na tahowa ɗaya bayan ɗaya, suna haki, suna duban lambobin fenti da baƙin ciki. Duk wanda ya tsaya shan iska sai ya tambaye ta yadda saman yake. Wani saurayi da matarsa suka ce su tsanin ƙarshe ne ke ba su tsoro.

"Da tsoro kam," in ji Yaya. "Ni sai da na maƙale a tsakiya, mutum talatin na jirana." Ta dubi matar, ta nuna mijin da sanda. "Ki sa shi ya riga ki hawa. In kin maƙale, ya faɗa miki wani laifin da ya ɓoye."

Matar ta juya ta ƙura wa mijin ido. Shi kuwa ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Shige, taho mana," in ji Yaya. "Gajeren taku."